Ford F-150 ta shiga daji: FX4, Tremor ko Raptor? Tambayoyi da amsoshi

Ford F-150 babbar a-kori-kura ce ta Amurka, kuma dangin da ta fito daga ciki, wato F-Series, sun haura shekara 40 suna kan gaba a cinikin irin waɗannan motoci a ƙasar. Duk wanda ke neman wadda zai bar kwalta da ita zai ci karo da sunaye huɗu: FX4, Tremor, Raptor da Raptor R. A hoto kusan duk kamarsu ɗaya, amma kowacce da aikin da aka ƙera ta dominsa. Alƙaluman da za a ambata a nan na motocin 2021 zuwa 2023 ne, sai inda aka faɗi wata shekarar.

Mene ne bambancinsu a taƙaice?

FX4 ita ce F-150 ta yau da kullum da aka ƙara wa kayan shiga daji. Tremor an ɗan ɗaga ta, an sa mata manyan tayoyi, an sauya mata shokozoba da sifirin, amma har yanzu motar aiki ce mai ɗaukar kaya da jan tirela. Raptor kuwa an sake mata ƙafafu gaba ɗaya, wato shokozoba da sifirin da hannuwan da ke riƙe tayoyi, an faɗaɗa ta, an ƙera ta don gudu a kan gargada da rairayi. Raptor R ita ce dai Raptor, sai dai an ɗora mata injin da ya fi ƙarfin buƙatar kusan kowa.

Wato FX4 ba mota ce ta daban ba?

A'a. Ƙunshin kaya ne da mai saye ke zaɓa tun daga masana'anta, a kan samfurin XL ko XLT ko Lariat ko waninsu, muddin motar mai ja da taya huɗu ce. A ciki akwai farantan ƙarfe da ke kare tankin mai da akwatin da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin gaba da na baya daga dukan duwatsu, da shokozoba da aka saita don hanya mara kyau, da na'urar da ke riƙe mota a hankali yayin gangara, sannan da makullin tayoyin baya. A cikin duka, makullin nan shi ne abin da kuɗin ya saya.

Akwai hattara a nan. Rubutun FX4 da ke gefen akwatin kaya sitika ce kawai, kowa na iya saye ya manna. Idan za ka sayi ta hannu, tsuguna ka leƙa ƙarƙashinta ka ga farantan da idonka, sannan ka shiga ciki ka nemi madannin makullin.

Mene ne wannan makullin da ake ta magana a kai?

A tsakiyar aksil ɗin baya akwai haƙoran da ke barin taya ɗaya ta fi ɗayar sauri idan ana shan kwana, domin ta waje tana cin tazara fiye da ta ciki. A kan kwalta wannan alheri ne. A cikin laka shi ne masifa. Idan tayar dama ta faɗa taɓo, ta hagu kuma tana kan busasshiyar ƙasa, ƙarfin inji yakan bi inda ya fi sauƙi. Sai ka ga tayar dama tana ta wulwulawa tana watsa laka har saman ƙofa, tana haƙa wa kanta rami, ta hagu kuwa tana tsaye cak ko motsi ba ta yi. Direba na ƙara taka totur, mota na ƙara nutsewa.

Makulli yana haɗe tayoyin biyu su juya tare, ko ɗaya na lilo a iska. Ka tsaya, ka danna, ka taka a hankali, tayar da ke kan ƙasa mai kyau ta fitar da kai. Da ka fita sai ka cire shi, domin tafiya da shi a kan kwalta na cin taya tana wahalar da aksil. FX4 da Tremor da Raptor duk suna da shi a baya. Ga mafi yawan inda mutane ke maƙalewa, wato bakin rafi da damina, ko kwazazzabon da ruwa ya zaizaye, ko hanyar gona bayan ruwan dare, makulli da taya mai kyau sun fi ƙarin ƙarfin doki 50 amfani nesa ba kusa ba.

Tunda Raptor ta fi tsada, ba ita ta fi dukansu ba ke nan?

Ta fi su a abu ɗaya, kuma a wannan abun babu mai kama ƙafarta a cikinsu: gudu a inda babu hanya. Asalinta daga tseren hamada ne irin na Baja 1000 da ake yi a zirin Baja California na ƙasar Meziko, inda motoci ke keta rairayi da ramuka da tudun ƙasa da gudun da a kan kwalta ma sai an yi hankali. Ta farko ta fito a 2010 da sunan SVT Raptor. An huta a 2015 da 2016, ta biyu ta zo a 2017, ta uku a 2021.

Sirrinta yana ƙafa. Tayar gaba tana iya hawa da sauka har inci 14, ta baya inci 15, wato santimita 35 zuwa 38. Shokozobanta na kamfanin Fox ne, kwamfutar mota na ƙara musu tauri ko laushi yayin tafiya. Daga 2021 an cire mata sifirin ɗin falle-falle na baya, irin wanda muka sani a ƙarƙashin a-kori-kura, aka sa mai naɗi. Don haka ramin da zai sa direban FX4 ya taka birki ya rarrafa, Raptor na haɗiye shi ta wuce, na ciki ba su ma bar hirarsu ba.

To amma sai mutum ya tambayi kansa da gaskiya: sau nawa yake samun fili buɗaɗɗe da zai yi wannan gudun, inda babu shanu, babu yara, babu mai babur da zai ɓullo daga bayan kuka? Idan tafiyarka ta rarrafe ce tsakanin bishiyoyi da duwatsu da gonakin mutane, mafi yawan abin da ka biya a Raptor yana kwance ba ya aiki. Kuma faɗinta na zame maka kaya. Jikinta ya kai mita 2.2 ban da madubai, alhali F-150 ta yau da kullum ba ta wuce mita 2 da 'yan santimita ba. Ƙananan fitilu ukun nan da ke hancinta ma ba ado ba ne tun asali: dokar Amurka ce ta wajabta su ga duk motar da faɗinta ya kai inci 80.

Ta fi ƙarfin inji, me ya sa ake cewa ba ta ɗaukar kaya?

Saboda ƙafar da ke haɗiye rami dole ta zama mai laushi, mai laushi kuwa tana durƙushewa idan aka lafta mata nauyi. Ford ta ƙayyade wa Raptor ɗaukar kusan kilo 635 da jan tirela mai kusan kilo 3,700. Tremor na ɗaukar har kusan kilo 855, tana jan kusan kilo 4,900. F-150 ta aiki da aka haɗa musamman don ja kuwa tana kaiwa kilo 6,350.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, wancan adadin ɗaukar kaya ya haɗa da mutanen da ke ciki. A ce manya biyar sun shiga Raptor, kowanne kilo 75. An ci 375 ke nan, saura 260. Buhun masara mai kilo 100 guda biyu da 'yan jakunkuna, an gama. Babbar motar nan da ke cika titi, ga ta nan iyakarta.

Kada ma ka tsaya kan adadin talla. Buɗe ƙofar direba, ka duba jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai. Akwai 'yar takarda mai fari da ruwan ɗorawa da ke nuna iskar da ta dace da tayoyi, a samanta kuma an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya na wannan motar ita kanta, a kilo da kuma ma'aunin Amurka. Kusan kullum yakan gaza na talla, domin rufin gilashi da kujerun fata masu lantarki da sauran kayan alatu duk daga ciki ake cire nauyinsu.

To Tremor fa, wa ta dace da shi?

A ganina ita ce ta fi dacewa da mafi yawan masu wannan tambayar, kuma ina jin takaicin yadda sunan Raptor ke rufe ta. Ta fito a wannan siffar a 2021 da taya inci 33 ta General Grabber, tsayin cikinta daga ƙasa kusan santimita 24. Tana zuwa da ƙofa huɗu da gajeren akwatin kaya mai kusan mita 1.7. A manyan samfurinta ana samun na'urar Torsen a aksil ɗin gaba, wadda ke tura ƙarfi ga tayar da ta fi riƙe ƙasa, da Trail Control mai riƙe maka tafiyar rarrafe kai kuma ka ji da sitiyari kawai. Akwai kuma Trail Turn Assist, mai danne tayar baya ta ciki don doguwar motar ta iya shan ƙuntatacciyar kwana a kan ƙasa.

Injiniyan da ke zagayen rijiyoyin burtsatse, mai gona da ke jan tirelar kayan noma, ɗan kwangilar da aikinsa ke ƙarshen burji, duk Tremor za ta kai su ta dawo da su da kayansu.

Sai dai a kula da sunan. Ford ta sa Tremor a kan motoci daban-daban: akwai ta manyan F-250 da F-350 tun 2020, akwai ta Ranger, har da ta ƙaramar Maverick. Akwai ma wata F-150 Tremor ta 2014 mai ƙofa biyu wadda aka yi don gudun kan titi, ba ruwanta da wannan. Haka Ranger Raptor, wadda ake gani a ƙasashen Afirka, tsarar Hilux ce, ba F-150 Raptor ba. Idan dillali ya ce maka “Raptor ce”, tambaye shi wacce.

Taya inci 33, 35 ko 37?

Babbar taya na ɗaga cikin mota, tana kuma hawa kan dutse da rami cikin sauƙi. Raptor mai inci 35 tana da tsayin ciki kusan santimita 30, mai inci 37 kusan 33. Amma mai 37 ɗin ta rasa kusan inci ɗaya na hawa da saukar ƙafa, ta ƙara shan mai, tayar kuma ta fi nauyi da tsada da wuyar samu. Wanda ya taɓa cire taya inci 37 daga ƙarƙashin mota shi kaɗai a rana tsaka ya san nauyinta.

A cikin rairayi, rage iska ya fi girman taya tasiri. Idan ka sauke iskar, tayar na bajewa kamar tafin raƙumi, ta hau saman yashin maimakon ta yanka shi. Sharaɗin kawai ka riƙe geji da famfon iska mai aiki da batirin mota, ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta. Gudu da tayar da aka rage wa iska a kan titi mai zafi yana fasa ta.

Wane inji ya fi: V8 ko EcoBoost?

Tremor ta fara da EcoBoost mai lita 3.5, silinda shida da turbo biyu, ƙarfin doki 400. Daga 2023 aka ƙara mata V8, wato inji mai silinda takwas, mai lita 5.0, shi ma doki 400. EcoBoost ya fi ƙarfin ja tun inji bai ɗaga murya ba, shi ya sa masu jan tirela da masu hawan tsaunuka ke son sa. V8 ba shi da turbo, don haka abubuwan da za su lalace sun ragu. Raptor ta 2017 zuwa yau tana da EcoBoost ɗin da aka ƙara wa ƙarfi zuwa doki 450. Dukansu da giya goma mai sauya kanta.

Ga wanda yake kusa da ƙwararren garejin Ford, kowanne ya yi. Ga wanda zai kawo motar Kano ko Maradi ko Tamale, ni V8 zan ce. Injin turbo ba ya yafe gurɓataccen fetur, ba ya yafe jabun baƙin mai, ba ya yafe jinkirin juye. Ita ma giyar tana da nata man na musamman, Mercon ULV, kuma zuba mata wani daban don “duk man giya ne” hanya ce ta kashe ta.

Yaya shan mai?

Babu mai sauƙi a cikinsu. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, Raptor mai taya 35 na shan abin da ya kusa lita 15 a kilomita 100, Tremor ƙasa da haka kaɗan, Raptor R kusan lita 20. A rairayi ko da tirela a baya, adadin na tashi sosai. Tankin Raptor na cin kusan lita 136. Lissafa da farashin lita a garinku kafin ka yi shawara.

Raptor R fa?

Ta fito a 2023 da V8 mai lita 5.2 da na'urar cusa iska, doki 700, aka ƙara zuwa 720 a 2024. Amsa ce ga Ram TRX mai doki 702 da ta fito a 2021. Motar sha'awa ce. Ba ta fi Raptor fita daga laka ba, ba ta fi ta ɗaukar kaya ba.

Akwai mai dizal a cikinsu?

Babu Raptor ko Tremor ta F-150 mai dizal. An yi F-150 mai dizal lita 3.0 daga 2018 zuwa 2021, aka daina. Kuma injinan dizal na Amurka na wannan zamanin an ƙera su ne don man da sinadarin sulfa ya yi ƙaranci ƙwarai a cikinsa, suna da matatar hayaƙi da wani ruwa na musamman da ake zuba musu a tanki daban. Inda ba a da tabbacin ingancin dizal, matatar na toshewa, motar ta rage wa kanta ƙarfi.

Idan na sayi FX4 na ɗaga ta na sa manyan tayoyi, ba ta zama Raptor ba?

Za ta yi kama da ita, ba za ta zama ita ba. Ɗaga mota ba ya ƙara wa ƙafa tazarar hawa da sauka. Wani lokacin ma rage ta yake yi, ya kuma karkatar da sandunan da ke juya tayoyin gaba su riƙa saurin ci. Raptor tana da dogayen hannuwan ƙafa, da shasin da aka ƙarfafa, da haƙoran aksil da suka dace da manyan tayoyinta. Gyara mai ma'ana ga FX4 shi ne taya mai kyau ta kowace hanya, wadda ba ta wuce inci 33 ba, da shokozoba masu inganci idan na asali sun gaji. Da wannan kaɗai za ta shiga kusan duk inda Tremor ke shiga.

Sauran kamfanoni ba su da irin wannan jerin?

Suna da shi. Chevrolet Silverado na da Z71, sai Trail Boss da aka ɗaga da inci biyu, sai ZR2 ta 2022 mai makulli gaba da baya, wadda a wajen rarrafe kan duwatsu ta cancanci a duba ta da kyau. Ram na da Rebel, da TRX ta 2021 zuwa 2024, da RHO ta 2025 mai doki 540. Toyota Tundra na da TRD Off-Road da TRD Pro. Tundra ta 2007 zuwa 2021 mai V8 lita 5.7 ta yi suna wajen juriya, kuma kanikawanmu sun fi sabawa da Toyota, amma ba ta zo da makullin baya daga masana'anta ba. Sai a sabuwar ta 2022 aka sa shi. Ita kuma sabuwar, a 2024 Toyota ta yi kira a dawo da kusan motoci 102,000 domin gyara, Tundra da Lexus LX na 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin inji tun wurin ƙira. Mai sayen ta waɗannan shekarun ya bincika ko an yi mata gyaran.

Zan sayo ta hannu daga gwanjon Amurka, me zan duba?

Fara da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ka binciki tarihin motar da ita. Da yawa daga motocin da ke shigowa ta Legas da Kwatano daga gwanjon Copart da IAA suke, inda kamfanonin inshora ke sayar da waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye. Ta haɗari ana iya gyarawa idan shasi bai lanƙwashe ba. Ta ambaliya ka guje ta ko nawa aka rage maka, domin motar cike take da kwamfutoci da wayoyi, tsatsa kuma a hankali take cin su. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, ka duba ƙusoshin ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, ka leƙa akwatin fis ko akwai busasshiyar laka.

A Raptor, tambayar ita ce yadda mai ita ya yi da ita. Wasu ba su taɓa barin kwalta ba, wasu kuwa an yi ta tsalle da su. Duba jikin kowane shokozoba: idan ya jiƙe da mai ƙura ta manne masa, ya fara yoyo, kuma na Fox ba araha gare su ba, ba kuma kowane gareji ke iya buɗe su ya sabunta ba. Duba robobin da ƙafa ke dukawa idan ta kai ƙarshe ko sun farfashe. Tsaya daga baya ka ga ko tazarar da ke tsakanin ɗakin direba da akwatin kaya daidai take sama da ƙasa. Idan ta buɗe ko ta matse, shasi ya sha duka.

Idan EcoBoost ce ta 2017 zuwa 2020, nemi a tayar da ita da safe inji na sanyi, kana tsaye a gaba. Ƙarar kwaram-kwaram ta 'yan daƙiƙu a farkon tashi alama ce ta matsalar na'urar saita lokacin bawul, wadda aka san injinan waɗannan shekarun da ita. Dillalin da ya riga ya ɗumama motar kafin ka iso, ka ce za ka dawo gobe da sassafe.

An ce bodinta ba ƙarfe ba ne, gaskiya ne?

Daga 2015 bodin F-150 da akwatin kayanta alminiyam ne, shasi kuwa ƙarfe ne. Raptor ta bi sahu a 2017. Ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, ya kuma rage nauyi sosai. Amma mai gyaran bodin da ya saba da guduma da waldar ƙarfe ba zai iya da shi yadda ya kamata ba, domin da ƙusa ta musamman da gam aka haɗa shi. Wannan na cikin dalilan da wasu ke neman tsohuwar Raptor ta 2010 zuwa 2014 mai V8 lita 6.2 da giya shida: bodin ƙarfe, babu turbo, kwamfuta kaɗan. Ta tsufa, tana shan mai sosai, amma ta fi sauƙin riƙo a inda babu wakilin kamfani.

Ina da Hilux, girman zai dame ni?

Zai dame ka a makonnin farko, a wasu wuraren ma har abada. Hilux mai ƙofa huɗu tsawonta kusan mita 5.3 ne, faɗinta ƙasa da mita 1.9. F-150 mai ƙofa huɗu ta kusa mita 5.9, tazarar tayar gaba da ta baya kuma kusan mita 3.7. Wannan tazarar na sa ta zauna daram a kan doguwar hanya, amma a kan tudu mai tsini cikinta ne ke fara taɓa ƙasa, kuma sawun da Hilux da Land Cruiser suka bari a hanyar daji ya yi wa Raptor ƙunci, ƙaya na ta kartar gefenta. Sitiyari dai a hagu yake kamar na Najeriya da Nijar da Gana, babu matsala a nan. Kafin ka tura kuɗi, ɗauki tef ka auna ƙofar gidanka da lungun da za ka riƙa shigowa ta ciki, ka ƙara faɗin madubai a lissafin.